Sauro Ɗaya a Ido, Jinsi Biyu a Gado: Yadda Musayar Gado Ke Sauyawa Idan Jinsi Zai Rabu

A watan Agustan 2025 gwamnatin Burkina Faso ta dakatar da aikin Target Malaria, wani shirin bincike na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fara sakin sauron da aka sauya wa ƙwayoyin gado a ƙauyen Bana tun 2019. Daga cikin tambayoyin da ake yi kan irin wannan aiki akwai wadda ta fi sauran nauyi a wajen masana: idan aka dasa wani abu a gadon jinsin sauro ɗaya, zai tsaya a nan ne, ko zai tsallaka zuwa wani jinsin?

Amsa biyu ake yawan ji. Wasu na cewa jinsi jinsi ne, abin da ke cikin wannan ba ya shiga wancan. Wasu kuma na cewa da zarar an yi barbara sau ɗaya, shi ke nan komai ya cakuɗe. Dukkansu ba su dace da abin da ake gani a gadon sauron zazzaɓin cizon sauro na Afirka ta Yamma ba. Tsakanin jinsuna biyu masu kusanci, wani ɓangaren gado yana wucewa, wani kuma yana maƙalewa, kuma babban abin da ke raba wannan da wancan shi ne yawan musayar gado a kowane ɓangare. Shi kansa wannan yawan ba a tsaye yake ba, yana sauyawa a daidai lokacin da jinsin ke rabuwa.

Mece ce musayar gado, kuma da me ake auna ta?

Gadon kowace halitta a jere yake a kan wasu zarurruka na DNA da ake kira kuromosom. Mutum yana da tagwaye 23, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba a kowanne. Sauron Anopheles yana da tagwaye 3 kacal. A ɗauki kowane kuromosom kamar carbi, ƙwayoyin gado su ne duwatsun da ke jere a jikinsa. Lokacin da jiki zai samar da ƙwai ko maniyyi, carbin uwa da na uba suna kwanciya kafaɗa da kafaɗa, a yanke su a wuri guda, a ƙulla kan wannan da wutsiyar wancan. Abin da ɗa zai gada sabon jeri ne, wani sashe daga kakansa na wajen nan, wani daga na wajen can. Wannan yanka da ƙulli shi ake nufi da musayar gado.

Ana auna ta da sentimogan, ma'aunin da aka sa wa sunan Thomas Hunt Morgan, wanda ɗalibinsa Alfred Sturtevant ya zana taswirar gado ta farko a 1913 da ƙudan 'ya'yan itace. Idan aka ce tsakanin ƙwayoyin gado biyu akwai sentimogan 1, ma'ana a cikin 'ya'ya 100, ɗaya ne zai fito da su a rabe. Iyakar rabuwa ita ce kashi 50 cikin 100, wato kamar ba a kuromosom ɗaya suke ba.

Abu uku ya kamata a riƙe. Na farko, a yawancin halittu, kusan kowane tagwayen kuromosom sai ya yi musaya aƙalla sau ɗaya kafin ya rabu daidai. Idan bai yi ba, ƙwai na iya fitowa da ƙarin kuromosom ko da ragi, kuma wannan na cikin sanadin ɓari a mutane. Saboda haka musaya ba za ta sauka ƙasa da wani mizani ba tare da an biya kuɗinsa da haihuwa ba. Na biyu, ba a rarrabe take daidai a jikin kuromosom ba: kusa da ƙugunsa, wato wurin da ya tsuke inda ake jansa lokacin rabuwa, musaya kaɗan ce ƙwarai. Na uku, ta bambanta tsakanin mace da namiji. A mutum, ƙwan mace yana samun musaya wajen 40, maniyyi wajen 26. Namijin ƙudan 'ya'yan itace ba ya yi sam, haka ma macen malam-buɗe-littafi.

Wannan bambancin ya nuna cewa yawan musaya hali ne da ake gada, kamar tsawo ko launi. Duk halin da ake gada kuwa, yanayi na iya zaɓar mai yawa ko mai kaɗan.

Dalilin da ya sa musaya ke hana jinsi rabuwa

A ce akwai sauro iri ɗaya a yanki guda. Wasu sun fi dacewa da ruwan fadamar shinkafa mai daɗewa, wasu da kududdufin ruwan sama mai saurin ƙafewa. Kafin su zama jinsi biyu, sai ƙwayar gadon da ke sa tsutsa ta rayu a fadama ta riƙa tafiya tare da ƙwayar da ke sa babban sauro ya zaɓi abokin barbara daga 'yan fadama. Muddin ana samun barbara tsakanin ɓangarorin biyu ko da jefi-jefi ne, musaya za ta riƙa raba waɗannan biyun, a haifi mai jikin fadama da zaɓin kududdufi. Joseph Felsenstein ne ya fito da wannan matsala fili da lissafi a 1981, kuma har yau a kanta ake gina yawancin muhawarar.

Lissafin ba shi da wuya. Idan barbara ta zama ba zaɓi, alaƙar da ke tsakanin ƙwayoyin biyu tana raguwa a kowane zubi na haihuwa gwargwadon yawan musayar da ke tsakaninsu. Idan suna kuromosom daban-daban, rabin alaƙar ke zubewa a kowane zubi. Bayan zubi 7 abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan sentimogan 1 ne tsakaninsu, sai an yi zubi kusan 70 kafin rabi ya zube. Ga sauron da ke yin zubi 10 zuwa 12 a shekara, na farko 'yan watanni ne, na biyu shekara 6 ne ko fiye. A cikin wannan tazarar zaɓin yanayi ke samun damar yin aikinsa.

Daga nan hasashen ya fito: inda al'ummomi biyu ke jan gado zuwa ɓangarori daban-daban alhali ba su daina cuɗanya ba, duk wani sauyi da zai rage musaya tsakanin ƙwayoyin da suka dace da wuri guda zai samu karɓuwa. Inda kuwa teku ko hamada ta raba su gaba ɗaya, babu wannan matsin, domin babu baƙon gadon da za a tsare kai daga gare shi. Akwai kuma hanyar da ke kauce wa matsalar baki ɗaya: idan ƙwayar gado ɗaya ce ke yin aikin biyu, ta dacewa da wuri da ta zaɓin aboki, babu abin da musaya za ta raba.

Juyayyen yanki: yadda yake kulle musaya

Hanyar rage musaya da aka fi nazari a kanta ita ce juyawar wani yanki na kuromosom. Zaren ya karye a wuri biyu, gutsuren da ke tsakiya ya koma a juye, kai ya zama wutsiya. Ƙwayoyin gadon suna nan duka, jerinsu ne kawai ya juya.

Wanda ya gaji juyayye daga uwa da uba, musayarsa lafiya lau take tafiya. Matsalar tana wajen wanda ya gaji juyayye ɗaya da miƙaƙƙe ɗaya. Kafin tagwayen su daidaita, sai ɗayan ya yi lauje. Idan yanka ya faɗa cikin laujen, kuma juyin bai haɗa da ƙugu ba, zare ɗaya zai fito da ƙugu biyu, ɗayan babu ko ɗaya. Mai ƙugu biyu ya tsinke wajen ja, marar ƙugu ya ɓace. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda ba su yi musaya ba. Wato ba yankan ne aka hana gaba ɗaya ba, 'ya'yan yankan ne ba sa kaiwa ga haihuwa. A ƙudan 'ya'yan itace, lalatattun zarurrukan ba kasafai suke shiga ƙwai ba, don haka uwa ba ta yin asarar haihuwa mai yawa, shi ya sa juyi ya yi yawa a dangin ƙudaje. Kullin kuma ba cikakke ba ne: idan yanka biyu suka faɗa cikin lauje ɗaya, tsakiyar yankin na iya musanyuwa, kuma akwai kwafin 'yan gajerun sassa daga zare zuwa zare. Saboda haka bambanci ya fi tsanani a bakin juyin guda biyu, ya fi sauƙi a tsakiya.

Ɗaya daga cikin fitattun misalan wannan a duniya daga ƙasar Hausa aka samo shi. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban gwajin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. An fesa maganin propoxur a bangon ɗakuna, an raba magani, cutar ta ragu, amma yaɗuwarta ba ta katse ba. Masanin ƙwari ɗan Italiya Mario Coluzzi da abokan aikinsa sun duba manyan kuromosom da ake samu a jakar ƙwan macen sauro bayan ta sha jini, waɗanda ratsinsu ke fitowa a madubin awo har a gane yankin da ya juye. Sun gano cewa sauron da ke hutawa cikin ɗaki da wanda ke hutawa a waje ba su da yawan juyi iri ɗaya. Wato feshin bango yana samun wani kaso na sauron ne, wani kason kuma gadonsa yana kai shi inda feshin bai kai ba.

Da suka bi Nijeriya daga kudu zuwa arewa, sai suka ga juyin da ake kira 2La, mai tsawon haruffan DNA kusan miliyan 22, kaɗan ne ƙwarai a kurmin kudu, yana ƙaruwa a hankali har ya kusa game duka sauron a busasshiyar arewa. A wuri guda ma yakan ƙaru da rani. An ga irin wannan a Kamaru. Gwaje-gwajen baya sun danganta shi da jure zafi a tsutsa da jure bushewa a babban sauro.

Me ke sa juyi ya yaɗu tun farko?

Tsohon bayani yana cewa juyi yana raba jinsi ne ta hanyar rage haihuwar ɗan ruwa-biyu. Wannan bayani yana da rauni guda: sabon juyi a jikin halitta ɗaya yake fara bayyana, kuma duk 'ya'yansa na farko masu juyayye ɗaya da miƙaƙƙe ɗaya ne. Idan wannan yanayin yana kashe haihuwa sosai, juyin zai mutu kafin ya yaɗu. Idan kuma ba ya kashewa, to ba zai zama shinge ba.

A 2001 Loren Rieseberg, da kuma Mohamed Noor tare da abokan aikinsa, suka karkatar da hankali daga haihuwa zuwa musaya. Noor ya nuna cewa tsakanin ƙudajen Drosophila pseudoobscura da Drosophila persimilis, waɗanda ke zaune tare a yammacin Amurka ta Arewa, abubuwan da ke hana su cakuɗuwa sun taru ne a juyayyun yankuna, sauran gadon kuwa ya fi kama da juna. A 2006 Mark Kirkpatrick da Nick Barton suka ba da lissafin yadda juyi ke yaɗuwa ba tare da wata baiwa tasa ta kansa ba. Ya isa ya faɗa a kan ƙwayoyi biyu ko fiye da suka dace da wurin, babu baƙuwa ko ɗaya a cikinsu. Sauran kuromosom suna ta gurɓata da gadon baƙi ta hanyar musaya, shi kuwa yana miƙa jerinsa a tsarkake. Ribarsa a kowane zubi ta kusa yawan baƙin da ke shigowa sau adadin ƙwayoyin da ya kama a cire ɗaya: baƙi kashi 1 cikin 100, ƙwayoyi 3, riba kusan kashi 2 cikin 100. Sharaɗin shi ne ƙwayoyin su kasance da tazara tun asali. Idan dama a manne suke, juyi ba shi da abin da zai ƙara musu.

An sami irin wannan a furen Mimulus guttatus na gaɓar yammacin Amurka, inda juyi ɗaya ya haɗa lokacin fure da sauran halayen da suka raba nau'in shekara ɗaya da na shekaru, da kuma dodon-koɗin teku Littorina saxatilis a gaɓar Suwidin, inda nau'in da ke fama da ƙaguwa da wanda ke fama da igiyar ruwa suke zaune 'yan mitoci tsakani. Amma ba doka ba ce: tsakanin malam-buɗe-littafi Heliconius melpomene da Heliconius cydno an nemi manyan juyi ba a samu ba, ga su kuma jinsi biyu ne masu barbara jefi-jefi.

Akwai wani abu da ake yawan ruɗewa a kansa. Juyin 2La, duk da shahararsa, ba shi ne ya raba manyan jinsunan sauronmu biyu, gambiae da coluzzii, ba, domin dukansu suna da shi, juyayye da miƙaƙƙe. Aikinsa dacewa da fari ne. Kulle musaya yana iya tsare bambanci shekara da shekaru a cikin jinsi ɗaya ba tare da ya raba shi biyu ba.

Gambiae da coluzzii: inda bambancin ya ɓuya

A 2001 aka bayyana cewa Anopheles gambiae na Afirka ta Yamma nau'i biyu ne, M da S, ta wata alama a kuromosom X, wanda ke cikin tagwayen da ke bambanta mace da namiji. A 2013 aka ba M sunan jinsi nasa, Anopheles coluzzii. Ido ba ya raba su. Coluzzii ya fi yin ƙwai a ruwa mai daɗewa kamar gonakin shinkafa na ban-ruwa, kuma tsutsarsa ta fi iya kauce wa ƙwarin ruwa masu cin ta. Gambiae ya fi son kududdufin damina. A wani ƙauye na Mali an ga mazan gambiae suna taruwar barbara da magariba a saman fili fetal, na coluzzii kuwa a saman wuri mai bambancin launi kamar bakin rijiya ko tarin itace. A ɗakin gwaji, ɗan da suka haifa tare yana haihuwa lafiya. A daji, ruwa-biyu a yawancin wurare bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, sai a gaɓar Gini-Bisau inda ya haura kashi 20.

Da aka fara gwada gadonsu gaba ɗaya daga 2005, sai aka ga kusan ko'ina iri ɗaya ne, ban da wasu 'yan yankuna da suka yi fice da bambanci, waɗanda a ƙarshe aka tsaya a kan uku: kusa da ƙugun kuromosom X, da na hannun hagu na kuromosom 2, da na hannun hagu na kuromosom 3. Dukansu wuraren da musaya ta yi ƙaranci ne. Aka sa musu suna tsibiran rabuwar jinsi, aka fassara su da cewa nan ne shingen yake, sauran gadon kuwa yana kai-komo.

Masu ja da wannan fassarar

Ba kowa ya yarda ba, kuma hujjar masu ja tana da ƙarfi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, Fst, yana gwada bambancin da ke tsakanin jinsuna biyu ne da bambancin da ke cikin kowannensu. Yana iya hawa saboda tsakani ya ƙaru, yana iya hawa saboda ciki ya ragu. A wurin da musaya ta yi ƙaranci kuwa, ciki yana raguwa da kansa: duk ƙwayar gado mai amfani da ta yaɗu tana jan maƙwabtanta gaba ɗaya, duk mai cutarwa da aka zubar tana tafiya da nata maƙwabtan. Saboda haka ƙugun kuromosom zai yi kama da tsibiri ko da jinsunan ba su taɓa musayar komai ba tun da suka rabu. A 2014 Tami Cruickshank da Matthew Hahn, wanda yana cikin waɗanda suka fara bayyana tsibiran, suka sake auna bayanan dabbobi da dama da ma'aunin da ke ƙirga ainihin bambancin haruffa, suka ga a yawancinsu tsibiran ba su fi sauran gado nisa ba. Nazarin wasu tsuntsaye masu kamun ƙuda na Turai a 2015 ya nuna tsibiran suna fitowa a wurare iri ɗaya ko a tsakanin jinsunan da ba sa haɗuwa.

Sauron da kansa ya kawo gwajin da ya fi kowane lissafi. Akwai wani sauyi da ake kira kdr a ƙwayar gadon da ke gina mashigar gishiri a jijiyar sauro. Yana rage tasirin maganin ƙwari na DDT da magungunan firetiroyid da ake sa wa gidan sauro. Wannan ƙwayar tana cikin tsibirin kuromosom 2. Gambiae ne ya fara samun sauyin a yankin. A Mali, a 2006, jim kaɗan bayan an fara raba gidajen sauro masu magani da yawa, aka ga ruwa-biyu sun ƙaru a wani ƙauye, daga nan kdr ya shiga coluzzii ya yaɗu. A kudancin Ghana ma an ga haka. Saboda musaya kaɗan ce a wurin, ba kdr kaɗai ya tsallaka ba, tsibirin ne ɗungurungum, haruffa sama da miliyan 3. Tsibiri ɗaya cikin uku ya goge, amma jinsunan suka ci gaba da zama biyu, kowa yana barbara da nasa.

Wannan ya nuna tsibirin kuromosom 2 ba shi ne riƙe da rabuwar ba. Na X daban yake: da aka ɗauko tsibirin X na gambiae aka dasa shi a gadon coluzzii ta barbara a ɗakin gwaji, zaɓin abokin barbara ya bi tsibirin. A ganina wannan ne darasin da ya fi kowane amfani a fagen. Ƙarancin musaya a wani yanki alama ce ta inda za a duba, ba hujja ba ce cewa shinge yana wurin. Sai an gwada kowane yanki da kansa.

Idan injin musayar da kansa ya zama shinge

Akwai wata hanya dabam, wadda aka fi sani a dabbobi masu shayarwa. A mutum da ɓera, yawancin musaya tana faruwa ne a 'yan ƙananan matattara masu tsawon haruffa 1,000 zuwa 2,000. A 2010 aka gano cewa wani furotin mai suna PRDM9 ne ke nuna inda za a yanka: yana neman wani jerin haruffa ya kama. Amma zaren da aka yanka da abokinsa ake gyara shi, don haka jerin da PRDM9 ya fi so shi ne ke gogewa a hankali. Idan wuraren kamu suka yi ƙaranci, sabon nau'in PRDM9 mai son wani jerin dabam sai ya samu fifiko. Shi ya sa matattaran ke ƙaura da sauri. Mutum da birin cimfanzi kusan ba su da matattara ko ɗaya da suka yi tarayya a kai, kuma ko a cikin mutane, wani nau'in PRDM9 da ya fi yawa a mutanen Afirka ta Yamma yana buɗe matattara wajen 2,500 da ba kasafai suke aiki a Turawa ba. Tsuntsaye, waɗanda ba su da PRDM9, matattaransu suna zama wuri ɗaya tsawon miliyoyin shekaru.

Shekara guda kafin a gano wannan aiki na PRDM9, a 2009, ɗakin binciken Jiří Forejt a Prague ya gano cewa wannan ƙwayar dai ita ce ke sa wasu mazan ruwa-biyu tsakanin ɓeran gida na gabashin Turai da na yammaci ba sa haihuwa. Kowane PRDM9 ya riga ya cinye wuraren kamunsa a gadon nasu, amma a gadon ɗaya ɓangaren suna nan sabbi. A jikin ruwa-biyu sai ya riƙa kama zare ɗaya kawai, tagwayen su kasa daidaita, maniyyi ya tsaya. A 2016 aka musanya ɓangaren kamun da irin na mutum, wanda bai taɓa cin gadon ɓera ba, haihuwa ta dawo. A nan sauyin musaya ba kare shinge ya yi ba, shi ne shingen. Wannan ya bambanta da na alfadari, wanda ya gaji kuromosom 32 daga goɗiya da 31 daga jaki, tagwayen ba su yi daidai ba tun daga tsari.

Jimillar musaya ma tana sauyawa tsakanin jinsuna masu kusanci. Drosophila mauritiana ta fi Drosophila melanogaster musaya nesa ba kusa ba, kuma an gano cewa ƙwayar gado guda, mei-218, tana ɗauke da babban kaso na wannan bambancin.

Abin da wannan ke nufi ga gida da gona

Idan jinsuna biyu suka haɗu, baƙon gado ya fi daɗewa a inda musaya ta yi yawa, domin can ne yake saurin rabuwa da maƙwabtansa masu cutarwa. An auna haka a wasu kifaye masu dogon wutsiya na kogunan Meziko da kuma malam-buɗe-littafin Heliconius. Amma idan amfanin ƙwayar ya yi yawa, kamar tsira daga maganin gidan sauro, za ta wuce ko daga ina take, ta ja kayanta. Ga ma'aikatan yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, ma'anar a fili take: juriyar da aka gani a gambiae a bana ana iya samunta a coluzzii nan da 'yan shekaru, kuma coluzzii shi ne na wuraren noman rani, inda ruwa ke kwanciya bayan damina ta wuce. Gwajin juriya da bai tantance jinsi ta DNA ba yana haɗa abu biyu wuri guda, kuma alamar tantancewar dole ta kasance ta X, domin ta kuromosom 2 ta riga ta ruɗe a wurare da dama.

Game da sauron da aka sauya wa gado, wanda aka saki a Bana a 2019 maza ne marasa haihuwa, ba su da abin da za su bari. Wanda ake muhawara a kansa don gaba shi ne mai tura kansa, wanda ke kwafe kansa zuwa ɗaya zaren har kusan duk 'ya'ya su gada. Wani irinsa da aka gwada a Landan a 2018 ya ƙarar da sauron cikin keji a zubi 7 zuwa 11. Wurin da yake kamawa a ƙwayar doublesex, wadda ke da hannu a zaman sauro mace ko namiji, kusan iri ɗaya ne a gambiae da coluzzii da wani ɗan'uwansu mai suna Anopheles arabiensis. Tsakanin gambiae da coluzzii ruwa-biyu suna haihuwa. Da arabiensis maza ba sa haihuwa amma mata suna yi, kuma nazarin gado na 2015 ya nuna gado mai yawa ya taɓa wucewa ta wannan ƙofar, har da shi kansa 2La. Don haka duk wanda zai auna haɗari ko amfanin irin wannan sauro, dangin gaba ɗaya zai sa a lissafi, ba jinsi ɗaya ba. Masu goyon baya suna ganin wannan riba ce tun da dukansu ukun suna yaɗa cutar; masu adawa suna ganin dalili ne na ƙarin taka-tsantsan, domin a dangin akwai wanda ya fi cizon dabbobi.

Manomi ma yana da rabonsa. Gero yana barbara da ɗan'uwansa na daji a Sahel, shibra ke fitowa daga tsakaninsu, amma geron gida bai narke ya koma daji ba. Zaɓin iri da manomi ke yi kowace kaka shi ne babban dalili, kuma taswirar gado ta nuna da yawa daga halayen zangarniya da suka raba na gida da na daji, kamar rashin zubar da tsaba, sun taru kusa da juna a 'yan yankuna kaɗan, don haka sukan tafi tare. Masu samar da iri kuwa kishiyar wannan ke wahalar da su. Lokacin da Monty Jones na Saliyo da abokan aikinsa suka haɗa shinkafar Afirka da ta Asiya a shekarun 1990 har aka sami irin shinkafar da ake kira NERICA, zubin farko kusan ba ya yin tsaba, sai da aka riƙa mayar da shi ga shinkafar Asiya. Duk halin kirki da aka ɗauko daga wani jinsi yana zuwa da maƙwabtansa. Kafin a sami yanka a tazarar sentimogan 1 a gefe ɗaya na ƙwayar da ake so, sai an duba tsiro kimanin 100 a sami ɗaya. A nemi gefe biyu a zubi guda, ɗaya ne cikin 10,000. Shi ya sa ake raba aikin zubi biyu, gefen dama a wannan shuka, na hagu a ta gaba, ana bin alamun DNA. Idan kuwa ƙwayar ta faɗa cikin juyayyen yanki ko ta maƙale a ƙugun kuromosom, ƙara yawan tsiro ba ya magani sosai. Sai a nemi wani iri mai halin a miƙaƙƙen jeri, ko a karɓi yankin gaba ɗaya a auna ko abin da ya zo da shi ya rage amfanin gona.